Yadda Kumbo Ke Aiko Da Labari Daga Sararin Samaniya

A bana na zaɓi in yi rubutu a kan wani al'amari na kimiyya wanda muke yawan jin labarinsa a rediyo, amma ba kasafai ake yi mana bayaninsa da Hausa ba. Mukan ji an ce kumbo kaza ya isa duniyar Mars, ko kuwa kumbo kaza ya aiko da hotunan wata duniya mai nisa. To, ta wace hanya hoton ke zuwa? Babu igiyar waya tsakaninmu da can, babu ɗan aike, shi kuwa kumbon ba dawowa zai yi ba balle a buɗe cikinsa a ɗauko. Abin da nake so in nuna shi ne, cikin shekara 60 an ninka yawan labarin da kumbo ke iya aikowa har sau miliyoyi, kuma dabara ce ta yi yawancin wannan aiki.

Kafin in yi nisa, akwai abu biyu da ya kamata mu rarrabe. Na farko shi ne gudun saƙo a kan hanya. Saƙon rediyo yana tafiya da gudun haske, watau kilomita 300,000 a sakan ɗaya. Haka Allah ya halicce shi, babu injiniyan da ya isa ya ƙara masa ko taƙi. Daga Mars yakan ɗauki tsakanin minti 3 zuwa minti 22 kafin ya iso, gwargwadon inda take. Na biyu shi ne yawan labarin da ke isowa a kowane sakan, kuma shi ne abin da aka yi ta ƙarawa. Alal misali, kwalekwale da babban jirgin fito suna iya tasowa daga Wara su iso Yelwa lokaci ɗaya, amma ɗaya buhu 3 ya ɗauko, ɗayan kuwa buhu 300.

Shi labarin da ƙwaya ake auna shi, wadda masana ke kira bit. Ƙwaya ɗaya ita ce amsa mafi ƙanƙanta, i ko a'a, 1 ko 0. Harafi ɗaya yakan ci ƙwaya 7 ko 8. Hoto, murya, zafin injin kumbo, ragowar mansa, duk sai an mai da su jerin 1 da 0 sa'an nan a aiko.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙasarmu ba ta da hannu a wannan tarihi. Lokacin da Amurka ta fara aika mutane sama, hukumarta ta binciken sararin samaniya, watau NASA, ta kafa jerin tashoshin saurare a kewayen duniya, ɗaya daga cikinsu kuwa a Kano take. Ran 20 ga Fabrairu 1962 ɗan sama jannati John Glenn ya zaga duniya sau 3, ya kuma yi magana da ma'aikatan tashar Kano. Ya gaya musu yana hango ƙura ta turnuƙe a ƙasa, suka amsa masa cewa ai an yi mako ana iska mai ƙarfi. Mu dai mun san wannan ƙura, ta hunturu ce. Bayan wannan, ran 23 ga Agusta 1963, Firayim Minista Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana da Shugaba Kennedy na Amurka ta tauraron ɗan'adam mai suna Syncom 2, ta hanyar wani jirgin ruwa mai ɗauke da eriya da ke tsaye a tashar Ikko. Sai dai shi Glenn nisansa daga ƙasa bai kai kilomita 300 ba. Wahala ta ainihi ta taso ne sa'ad da aka fara aika kumbo wasu duniyoyi.

A watan Nuwamba 1964, shekarar da aka fara aikin madatsar ruwa ta Kainji, Amurka ta harba kumbon Mariner 4 zuwa Mars, wadda Larabawa ke kira Mirrikh. Ya gitta ta kusa da ita a tsakiyar Yuli 1965, ya ɗauki hoto 21 da guntun na 22. A lokacin babu tafkin nan namu tukuna, Gungawa suna zaune a tsibiransu, tsohon garin Busa kuma bai nutse ba. Nisan kumbon daga duniya ya zarce kilomita miliyan 200, kuma ƙwaya 8 da sulusi kaɗai yake iya aikowa a sakan ɗaya, watau kamar harafi ɗaya ke nan. Yaron aji uku na firamare ya fi shi saurin karatu.

Ga lissafin, don kowa ya gwada da alƙalaminsa. An raba kowane hoto layi 200, kowane layi ɗigo 200, ya zama ɗigo 40,000. Kowane ɗigo an ba shi lamba daga 0 zuwa 63 gwargwadon haskensa ko duhunsa, lambar kuwa tana cin ƙwaya 6. Hoto ɗaya ya tashi ƙwaya 240,000 ke nan. In ka raba da 8 da sulusi, za ka sami sakan 28,800, watau awa 8 cur. An aiko da hotunan sau biyu don gudun kuskure, ba a gama ba sai 3 ga Agusta. Tashar da ta karɓi hoton farko a Afirka take, a Hartebeesthoek kusa da Johannesburg. Su kuwa injiniyoyin da ke jira a Kalifoniya haƙuri ya gagare su. Suka buga lambobin a kan siraran takardu, suka manna a bango, suka sayo alli mai launi, suka riƙa shafa wa kowace lamba launinta da hannu, har hoton ya fito kafin kwamfuta ta gama nata.

Me ya sa saƙon ke tafiyar hawainiya haka? Dalili biyu ne. Na farko, kumbo ba shi da wuta mai yawa. Na'urar aika saƙo ta Mariner 4 wat 10 ce, ta kumbon Voyager kuwa wajen wat 23, ba ta kai ƙwan lantarkin ɗakin kwananmu irin na da ba. Ku kwatanta da tashar Kainji, wadda aka gina don ta ba da wat miliyan 760. Na biyu, nisa yana cinye ƙarfin saƙo fiye da yadda mutum zai zata. In nisa ya ninka sau 2, ƙarfin saƙo yakan ragu sau 4. In ya ninka sau 10, ya ragu sau 100. Abin da ke isowa ƙasa ɗan kaɗan ne ƙwarai, ga shi kuma gauraye da shuu irin wanda rediyo ke yi in tasha ta ɓace.

Mu da muka tashi a bakin ruwa mun san wannan matsala. In masunci yana tsakiyar tafki, ana kiransa daga gaɓa, ba a yi masa magana da sauri. Mai kira yakan ja kowace kalma, ya tara tafukansa a baki, ya maimaita. Shi kuma masuncin ya kashe inji, ya kara hannu a bayan kunne. In an duba da kyau, dabarun da masana suka yi shekaru suna gyarawa waɗannan ɗin ne, sai dai su da ƙarfe da lissafi suka yi nasu.

Dabara ta farko ita ce girman kunne. Eriyar da ake sauraron kumbo da ita siffar akushi gare ta, tana tara ɗan saƙon da ya faɗo cikinta ta haɗa shi wuri guda. Ta zamanin Mariner 4 faɗinta mita 26 ne. A 1966 aka buɗe mai mita 64 a Goldstone, cikin hamadar Kalifoniya, wadda ke tara saƙo ninki 6 na waccan. A ƙarshen shekarun 1980 aka faɗaɗa irin waɗannan zuwa mita 70, kusan faɗin filin ƙwallo. Akwai su a wuri 3, a Goldstone, da kusa da Madrid a Sifen, da kusa da Kanbera a Ostareliya. An raba su haka ne domin duniya juyawa take yi, in kumbo ya faɗi wa wannan tasha, ya fito wa waccan.

Dabara ta biyu ita ce tara murya wuri ɗaya. Fitilar ƙwai tana watsa haskenta ko'ina, shi ya sa ba ta haska nesa. Tocila kuwa, da ɗan batirinta, tana haska ƙetaren rafi, don ta tattara hasken ta nufi gefe guda. Ana yin haka ga kumbo ta hanyar sa masa babban akushi nasa na kansa. Na Mariner 4 kimanin mita 1 ne, na Voyager mita 3.7. Ana kuma gajarta zangon rediyon. Iyayenmu sun saba da gajeren zango, mita 19 ko 25 ko 49. To, na Mariner 4 santimita 13 ne kacal. Voyager ya yi amfani da na santimita 3.6, wasu na baya kuma nasu bai cika santimita 1 ba. Iyakar gajartar zango, iyakar tsinin saƙo.

Dabara ta uku ita ce yin shiru. Kowa ya san murya ta fi tafiya a kan ruwa da dare, bayan injuna sun huta. Saboda haka ake gina tashoshin nan a kwari, nesa da gari. Har ila yau, ita kanta na'urar karɓar saƙo zafin jikinta yana haifar da shuu, don haka ake sanyaya ta da ruwan iskar heliyam har ta kai wajen digiri 269 ƙasa da sifiri.

Dabara ta huɗu ita ce ta fi ba ni sha'awa, domin ba ta bukatar ƙarfe ko siminti, lissafi ne zalla. Ita ce iya tsara magana. A 1948 wani masanin lissafi Ba'amurke, Claude Shannon, ya tabbatar cewa kowace hanyar saƙo tana da iyakar abin da za ta ɗauka, amma in ba a ƙetare wannan iyaka ba, ana iya isar da saƙo kusan babu kuskure ko da akwai shuu, muddin an tsara shi da hikima. Bari in ba da misali. A ce dillalin kifi a Wara ya aika wa ubangidansa cewa ya loda kwandon tarwaɗa 7, na karfasa 5, na kurungu 3, jimla 15. Ko da ruwa ya ɓata lambar karfasa a takardar, ubangidan zai cire 7 da 3 daga 15, ya san 5 ce. Wannan jimla da aka ƙara ita ta ceci saƙon, ba sai an koma an tambaya ba. Ga kumbo kuwa komawa tambaya tana da tsada, don amsa sai ta yi awoyi a hanya.

Kumbon Mariner 9, wanda ya isa Mars a 1971, yakan mai da kowace ƙwaya 6 ta zama 32, ta yadda ko 7 daga ciki sun lalace a hanya za a gane abin da aka nufa. Da wannan tsari da babban akushin Goldstone ya riƙa aiko da ƙwaya 16,200 a sakan, ya kawo hoto fiye da 7,000. Ku tuna shekara 6 kaɗai ke tsakaninsa da Mariner 4.

Ɗaya ɓangaren iya magana shi ne taƙaitawa. In shugaban ɗaki zai kai rahoton dare, ba ya rubuta sunayen mutum 47 da ke nan, sai ya rubuta na mutum 3 da ba su nan. Haka ake yi wa hoto. Yawancin ɗigogi sun yi kama da maƙwabtansu, don haka sai a aiko da bambancin da ke tsakaninsu kawai.

Inda aka ga amfanin haɗa dabarun nan duka shi ne tafiyar Voyager 2, wanda aka harba a 1977. Da ya isa Jufita, watau Mushtari, a 1979, yana aiko da ƙwaya 115,200 a sakan. Neftun kuwa, inda ya isa a watan Agusta 1989, ta ninka nisan Jufita wajen sau 6, ƙarfin saƙo zai ragu sau 36 ke nan. Bisa lissafi bai kamata a sami abin da ya wuce ƙwaya 3,200 ba. Amma 21,600 aka samu. Yaya aka yi, alhali babu mai iya zuwa ya taɓa kumbon? Tun yana kan hanya aka aika masa sabon umarni ta rediyo, aka koya wa kwamfutarsa taƙaita hoto, aka kunna masa tsarin gyaran kuskure na Reed da Solomon, wasu masana biyu da suka ƙirƙiro shi a 1960. A ƙasa kuma aka faɗaɗa akusan, aka kuma haɗa na Goldstone da wasu 27 na masu nazarin taurari da ke jihar New Mexico, suka saurara tare kamar kunne ɗaya. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wannan ilmi ya taɓa ceton kumbo sukutum. Galileo, wanda aka aika Jufita, babbar eriyarsa kamar lema take, a 1991 aka umarce ta ta buɗe, ta ƙi. An shirya za ta riƙa kawo ƙwaya 134,000 a sakan, ƙaramar da ta rage kuwa wajen 10 za ta iya. Maimakon a fid da rai, sai aka sake masa tsarin taƙaitawa da na gyaran kuskure, aka haɗa akusan ƙasa, har aka cim ma kusan kashi 70 cikin 100 na binciken da aka tura shi yi.

Daga baya sai aka koma ga haske kansa, tun da zangonsa ya fi na kowane rediyo gajarta nesa ba kusa ba. A watan Oktoba 2023 aka harba kumbon Psyche ɗauke da na'urar gwaji mai aika saƙo da hasken leza, ƙarfinta wat 4 kacal. Ran 11 ga Disamba na wannan shekara ya aiko da bidiyon wata kyanwa mai tsawon sakan 15 daga nisan kilomita miliyan 31, a kan ƙwaya miliyan 267 a sakan. Wani ƙaton madubin hangen nesa mai faɗin mita 5 da ke dutsen Palomar ne ya karɓa. A watan Afrilu 2024, yana nisan kilomita miliyan 226, kusan daidai da nisan da Mariner 4 ya aiko da hotunansa, ya kawo ƙwaya miliyan 25 a sakan. Raba miliyan 25 da 8 da sulusi, za ka sami miliyan 3. Hoton waya guda mai ƙwaya miliyan 24, wanda zai ci wa Mariner 4 kwana 33, wannan cikin sakan ɗaya zai kawo shi, da wutar da ba ta kai rabin ta Mariner ba. Sai dai leza ma da nata ciwon, domin gajimare da hazo suna tare ta, alhali rediyo yana ratsa su.

Duk da haka nisa bai daina aikinsa ba. Kumbon New Horizons ya gitta Fuluto ran 14 ga Yuli 2015, amma da yake abin da yake iya aikowa bai wuce ƙwaya 1,000 zuwa 2,000 a sakan ba, sai a watan Oktoba 2016 ya gama sauke abin da ya tara. Voyager 1 kuwa, a 2024 nisansa ya zarce kilomita biliyan 24, saƙonsa yana fin awa 22 a hanya, yana kawo ƙwaya 160 a sakan. Sannu ba ta hana zuwa.

Na san wani daga cikin iyayenmu zai ce, to, mu ina ruwanmu da wannan? Ruwanmu na nan cikin aljihunmu. Wayar da ake ciniki da ita a kasuwar Yelwa da irin wannan lissafi na taƙaitawa da gyaran kuskure take aiki, shi ya sa murya ke fita ko da sanda ɗaya ce ta rage. Akwai ma darasi mai amfani ga masu shiga ruwa da mazauna ƙauyukan Ngaski da Shanga inda sabis ke da rauni. Rubutaccen saƙo mai harafi 160 ƙwaya 1,120 ne kawai, har Voyager 1 zai iya aiko shi cikin sakan 7, kira kuwa yana bukatar dubban ƙwayoyi a kowane sakan ba yankewa. Saboda haka in kira ya ƙi shiga, musamman wajen neman agaji, a gwada gajeren rubutu, a faɗi wuri da abin da ya faru, a kuma nemi tudu ko fili. Mutanen yankinmu ba su manta da jirgin da ya nutse kusa da Wara a watan Mayu 2021 ba, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. A kan ruwa, isar labari da wuri yana iya zama rai.

Bugu da ƙari, ƙasarmu ta shiga wannan fage. A watan Satumba 2003 aka harba tauraronta na farko, NigeriaSat-1, wanda ya riƙa ɗaukar hoton ƙasa yana aikowa tashar Abuja. A 2011 aka harba NigeriaSat-X, wanda injiniyoyin Nijeriya suka haɗa da hannunsu a Ingila. Da irin waɗannan hotuna ake duba gonaki da ambaliya, irin wadda ta cinye shinkafar manoman Kebbi a 2020. Su waɗannan kusa suke, ba su kai nisan Mars ba, amma ilmin aiko da saƙon ɗaya ne.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, kada mu gudu daga darasin lissafi da kimiyya. Duk lissafin da na yi a wannan rubutu bai wuce ninkawa da rabawa ba, kuma daga nan kowane injiniya ya fara. Iyayenmu kuma, ina roƙonku da girman Allah, in lokacin su ko girbi ya zo a daure a bar yara, maza da mata, su ƙarasa karatunsu. Waɗanda suka koya wa Voyager sabuwar magana daga nisan biliyoyin kilomita, su ma wata rana 'yan makaranta ne masu zama a kan benci irin namu.